Mai Kwance Ɗaurin Ƙafar Jikana

Ni na fara ganin ƙafar, tun ba a yanke cibi ba. Ungozoma ma ta gani, amma sai ta ja zane ta rufe, ta shiga surutun wai yaro ya ɗebo goshin kakansa. Na ce mata ta buɗe. Ƙafar dama ce, ta lanƙwashe ta juya ciki, tafin yana kallon ɗaya ƙafar, dunduniya ta ɗage sama kamar an ja ta da zare. Na taɓa ta. Da ɗuminta, da yatsunta biyar cif, sai dai ba ta komawa inda ya kamata.

"Kwanciyar ciki ce, Inna," in ji ungozoma. "Da ruwan zafi da man shanu za ta miƙe kafin suna."

A ƙauyenmu akwai wani mutum da aka haifa haka, aka ce wa uwarsa irin wannan magana. Ya girma yana taka gefen ƙafa, wurin ya yi kanta kamar gwiwar raƙumi, bai taɓa yin noman kirki ba. Shi na tuna, jikana yana tsala kuka a hannuna.

Lokacin Turawa suna nan, ba a kai ga mulkin kai ba. Ɗana yana aikin akawu a wani ofishin gwamnati a Kaduna, yana haya ɗaki biyu a wani gida wajen Unguwar Shanu. Matarsa marainiya ce, ba ta da uwar da za ta koma wa wankan gida, shi ya sa na hau jirgin ƙasa daga ƙasar Zazzau na zo yi mata. Garin bai kwanta mini ba tun daga tasha. Kowa baƙo ne, ba ka san uban kowa ba, mutum ya gaishe ka da Hausa ya juya ya yi wa na kusa da shi wani yare. A gidan da muke, ƙofa da ƙofa da mu, akwai wata mata Kirista daga kudancin Zariya, mijinta malamin makaranta, ita kuma tana aikin wankin kaya a asibitin gwamnati. Mama take ce mini. Fara'arta ta yi yawa, kuma tana shigowa ɗaki da sallama ɗaya, ba ta jiran a amsa. Tun ranar farko na sa mata ido.

Na yi abin da aka saba. Safe da yamma in gasa ƙafar da tsumma mai ɗumi, in shafa man shanu, in murza. Har ranar suna ba abin da ya motsa. Wanzamin da ya zo aski ya ɗaga ƙafar ya jujjuya, ya ce jijiya ce ta ɗaure, in an yarda zai yi 'yar tsaga a idon sawu, mugun jinin ya fita. Na ce ya gama askinsa ya tattara zabirarsa. Mutumin da ya zo da aska a hannu, me zai gani in ba wurin yankawa ba? Bayan suna na aika Kurmin Mashi aka kira wani mai ɗori da ake yabo. Tsoho ne, ya yi bisimilla, ya daɗe yana laluben ƙashin da babban yatsansa, sannan ya ajiye.

"Hajiya, ni karaya nake ɗorawa. Wannan ba ta karye ba. In na sa mata kara na ɗaure, cutar yaron kawai zan yi."

Ban je Makka ba, kuma ban so yadda ya yi saurin janye hannu ba. Na zargi ɗana da tare shi a hanya ya sa masa magana a baki. Na tambaye shi da ya dawo daga ofis, yana jingine kekensa.

"Haba Inna. Ni ko fuskarsa ban sani ba."

"To wa ya ce masa ya ce haka?"

"Wataƙila gaskiya ce kawai ya faɗa."

Maƙwabciyar nan ce ta kawo zancen asibiti. Ta ce tana ganin ana kawo irin waɗannan jarirai, akwai wata sista Baturiya da aikinta ke nan, miƙar da gaɓoɓi, kuma gara a kai shi tun ƙashin yana ɗanye. Na tambaye ta ko nawa ta ga sun fito da ƙafafunsu. Ta yi dariya ta ce, "Mama, ni wanki nake yi, ban taɓa wanke zanin da aka yanke wa jariri ƙafa a kai ba." Ɗana ya goyi bayanta. Na ce to, amma ni zan riƙe yaron, kuma duk wanda ya fito da wuƙa zai ga abin da zai faru.

Sai na faɗi halin surukata kafin in wuce, don a gane abin da ya biyo baya. Yarinya ce mai tarbiyya, kuma wannan ɗanta ne na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa a gabana, ba ta yi masa wasa. In ya yi kuka sai na ɗauka na ɗora mata a cinya, ta kau da kai gefe ta ba shi nono kamar an tilasta ta. In baƙi suka tambayi lafiyar yaro, sai ta sunkuyar da kai ni in amsa. Haka aka yi mu, haka na yi wa nawa na fari, kuma na ji daɗin ganin zaman Kaduna bai cire mata wannan kunya ba. Tun da aka haife shi ban ji ta ambaci ƙafar ba ko sau ɗaya.

Asibiti suka ce lallai uwar ta zo, ko da ba ta yi arba'in ba. Na yi faɗa, amma na lulluɓe ta muka tafi. Wani malamin asibiti mai farin wando ya fara duba mu, ya tura mu wani ɗaki a ƙarshen baranda. Sistar doguwa ce, hannunta ja, farcenta a yanke ƙwal. Ta karɓi yaron ta kwantar a tebur, ta kama dunduniyar da hannu ɗaya, ta tura gaban ƙafar waje da ɗayan, a hankali, har yaron ya ƙwalla ƙara. Na matsa kusa. Ta yi magana mai tsawo, malamin asibitin ya fassara da cewa, "Ta ce kar ki ji tsoro."

"Duk wannan maganar, abin da ta ce ke nan? Ina sauran?"

"Sauran na likitoci ne, Inna."

"Ƙafar ta likitoci ce ko tamu? Faɗa mini duka."

Ya faɗa, yana ɓata rai. Za a ɗora ƙafar a kan wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa kamar bakin fartanya, an lulluɓe shi da auduga, a naɗe da bandeji. Kullum a kwance sau ɗaya, a yi wa yaro wanka, a miƙar da ƙafar yadda ta nuna, a mayar a ɗaure. Duk mako a kawo shi ta gani. Akwai babban likitan ƙashi da ke zuwa daga wani gari lokaci-lokaci. In ya zo ya ga ƙafar ta bi, shi ke nan. In ba ta bi ba, sai a yi aiki.

"Aikin me?"

"Za a ɗan buɗe bayan dunduniyar."

Ashe dai akwai wuƙar, sun ɓoye ta ne a ƙarshen magana.

Sista ta yafito surukata ta zo ta koya. Yarinya ta tsaya a bakin ƙofa, ta juya fuska ga bango. Sista ta sake kira, ta ɗaga murya, jan fuskarta ya ƙaru. Malamin ya ce tana tambaya ne ko uwar ta ƙi yaron saboda ƙafarsa. Na ce, "Ka gaya mata ɗan fari ne." Ya gaya mata, suka yi ta ja-in-ja da Turanci, ban ga alamar ta gane ba. Daga ƙarshe ta kama hannuna ta ɗora a kan ƙafar. Ta nuna mini sau da yawa: naɗin yana farawa daga cikin ƙafa, ya bi ta ƙarƙashin tafi, ya fito waje yana jan ƙafar zuwa waje. Na yi, ta kwance, na sake, ta kwance, har ta gyaɗa kai. Duk wannan surukata tana kallon bango.

Na riƙe aikin nan kamar salla. Da hantsi, bayan na gama wa mai jego wanka da ganye na ba ta kunun kanwa, sai in kwantar da yaron a tabarma, in zauna ta wajen ƙafafunsa ina fuskantarsa, in miƙar, in ɗaure. Yana kuka ina ce masa, "Yi shiru mai gidana, ni ba zan zauna da miji mai karkatacciyar ƙafa ba." Bakin bandejin kuwa a waje nake soke shi, saman idon sawu, yadda nake soke ɗankwalina. Makonnin farko sista tana gyaɗa kai. Daga baya ta daina. Wata rana ta kwance ɗaurin, ta tsaya tana kallonsa, ta tambaya ko ni na yi. Na ce wa zai yi in ba ni ba. Ta ce an juya naɗin, yana jan ƙafar ciki, inda ake so ta baro. Ta sake koya mini tun daga farko kamar wata sakarya, ni kuwa na bar ta, don na riga na ga abin da ita ba ta gani ba. Bakin bandejin a ciki aka soke shi. Ba sokina ba ne.

Muna dawowa gida na fara lissafin mutane. Ɗana ba ya taɓa yaron sai da ɗan yatsa, kuma yana ofis wuni. Mai ɗori bai sake zuwa ba, amma na tambayi masu sayar da itace a bakin hanya ko sun ga tsoho mai jakar fata, suka ce a'a. Surukata ban ma sa ta a lissafi ba. Saura mutum ɗaya, mai shigowa da sallama ɗaya, wadda take ganin ana naɗa bandeji kullum a wurin aikinta, wataƙila har ta ɗauka ta iya. Na kuma lura duk la'asar, in na fita bakin famfo ko na je sayen itace, ina dawowa sai in tarar da ita zaune a ƙofar ɗakinmu tana tsince wake, ta tare hanya da ƙafafunta. Tana hango ni sai ta ɗaga murya, "Mama, sannu da dawowa! Yau layin famfo ya yi tsawo ko?" Gaisuwar ta fi ƙarfin nisan da ke tsakaninmu.

Na tare ta a madafa.

"Ke kike taɓa ƙafar yaron nan?"

"Ni? Mama, in taɓa in ce me?"

"Wani yana kwancewa yana mayarwa a juye. In likita ya yanka yaron nan, a wuyan mai yin haka yake."

Fara'ar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce, "A juye?" Sai ta kalli ƙofar ɗakinmu, ta yi sauri ta mai da ido kan tukunyarta. Ta rantse da Allah hannunta bai taɓa bandejin ba. Na ce daga yau kar ta sake shigar mana ɗaki in ba na nan. Ta ce to. Ba ta yi gardama ba, abin ya ƙara ɗaure mini kai, don mai gaskiya yakan yi faɗa.

Washegari na ɗaure da hantsi, na fita da la'asar, na dawo na duba. An soke a ciki. Maƙwabciya kuwa tana wurin aiki ranar, ban ga ko inuwarta ba.

Kashegarinsa na ɗauki bokiti, na ce na tafi famfo, na ja takalmi da ƙarfi har zaure. Na ajiye bokitin a nan, na cire takalman, na zagaya ta bayan ɗaki inda akwai 'yar taga mai katako. Na leƙa ta tsagar.

Surukata tana zaune a bakin gado, yaron a cinyarta, kansa a jikin cikinta, ƙafafunsa suna kallon ƙofa. Ta riga ta kwance bandejin. Ta ɗaga ƙafar tana duba inda ƙarfen ya kwanta, tana hura wa wurin iska da bakinta, tana bin tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta kama dunduniyar, ta tura gaban ƙafar waje, daidai yadda sista ta yi, ba kuskure ko kaɗan. Ashe ranar nan a asibiti bango take fuskanta amma idonta yana gefe. Tana yi tana magana ƙasa-ƙasa, tana kiran sunansa, sunan da ban taɓa ji a bakinta ba. Da ta zo naɗi sai na ga inda matsalar take. Ni daga wajen ƙafafu nake zama, ita kuwa daga wajen kai take, hannunta yana bin yadda ta ga nawa yana bi, naɗin yana fita a juye.

Na daɗe a tsaye bayan ɗakin. In na shiga na kama ta, na san abin da zai faru: ba za ta sake iya haɗa ido da ni ba, ba kuma za ta sake taɓa ƙafar ba har abada, alhali ni baƙuwa ce, watarana zan koma gida. In kuma na yi shiru, za ta ci gaba da warware mini aiki har likita ya zo da wuƙarsa. Ɗana ba abin gaya wa ba ne, zai je ya yi mata zancen kai tsaye irin na 'yan ofis, ya ɓata komai. Na koma zaure na ɗauki bokitina, na je famfo da gaske.

Da maƙwabciya ta dawo aiki na kira ta. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Mama, kin hana ni shiga."

"Na ce in ba na nan. Yanzu ina nan. Shigo, zan koya miki ɗaurin nan, ko zan kwanta ciwo watarana."

Surukata tana can lungu tana ninke kaya, bayanta gare mu. Na zauna a bakin gado, na ɗora yaron a cinyata, kansa a jikin cikina, yadda ban taɓa zama da shi ba. Na ɗaga murya kamar ina magana da kurma.

"In kin zauna haka, ta wajen kansa, kar ki bi hannuna na da. Ki manta da hannu. Ki duba babban yatsa. Daga gefen babban yatsa ake farawa, a bi ƙarƙashin tafi, a fito gefen ƙaramin yatsa, a ja sama. Kin ji?"

Matar nan ta dube ni, ta dubi bayan surukata, ta gane. Ta ce, "Ban ji sosai ba, Mama. Kaina da tauri. Sake."

Na sake. Ta ce in ƙara. Ta karɓa ta yi da kanta, da gangan ta juya, na daka mata tsawa na ce haka ne ake jawo wa yaro wuƙa, na kwance na gyara. Kayan da ake ninkewa a lungu zane ɗaya ne, an ninke shi an warware ban san sau nawa ba.

A tsakar gida na tsare maƙwabciyar. Na ce, "Ashe gadi kike yi mata." Ta ce yarinyar ce ta roƙe ta, wai tana jin kukan yaron har cikin ƙashinta, tana tsoron ƙarfen ya ci masa fata, ba ta kuma da bakin tambayata. Ita dai ba ta san ana juya naɗin ba sai da na faɗa. Na ce da ta sani da ba ta sani ba, ta ɓoye mini abu a kan jikana, kuma zargin da na yi mata bai faɗi ƙasa ba. Ta ce, "Mama, ke ko alƙali sai ya gudu ya bar miki kujera." Na ce ta ci gaba da tsince wakenta a inda ta saba.

Daga nan kullum la'asar sai na sami abin da zai fitar da ni, ko da randa cike take. In na dawo sai in duba. Sokin yana ciki, naɗin yana daidai. Ban yarda da ido kawai ba, ina sa yatsa in ji ƙarfin ɗaurin, in latsa farcen yaron in ga jini ya dawo. Ƙafar da ake miƙarwa sau ɗaya ta koma sau biyu a wuni, sista ba ta san dalili ba, ta ci gaba da gyaɗa kai tana cewa tsohuwa ta koyi aiki. Na bar ta a haka.

Likitan ƙashin ya zo bayan mun yi arba'in da daɗewa. Gajere ne, mai sanƙo, yana warin taba. Tun da muka shiga nake duba teburinsa da aljihun rigarsa. Ya kama ƙafar ya tura waje, ya tura sama, ya sake ta ya ga inda za ta tsaya, ya sosa tafin da farce, yatsun suka baje. Ya yi magana gajeriya. Malamin asibiti ya buɗe baki, na ce, "Duka." Ya ce ai duka ɗin ke nan: ba za a yi aiki ba. Za a aika wurin mai yin takalma a auna masa wasu 'yan takalma da aka haɗa da sandar ƙarfe, ya riƙa kwana da su har ya fara tafiya, in aka yi sakaci ƙafar za ta koma. Na ce ya sake tambayar likitan ko akwai wata wuƙar da aka ajiye a gaba. Likitan ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Damina ta kawo kai, gona tana jirana, dole na koma. Ranar tafiya na ajiye takalman ƙarfen a kan gado, na ce wa ɗana, da ƙarfi, duk wanda zai riƙa ɗaura su ya tabbata dunduniya ta zauna ƙasa kafin ya ja igiya. Ya ce, "Za a yi, Inna." Surukata ta durƙusa ta yi mini sallama, idonta a ƙasa. Ba ta ce komai a kan ƙafar ba, ni ma ban ce ba, kuma har yau ba mu taɓa yin zancen ba.

Duk wanda ya zo daga Kaduna sai ya ce mini yaro lafiya lau, ƙafa ta miƙe. Haka mutane suke faɗa wa tsohuwa. Da aka gama girbi na shekara ta biyu na hau jirgi ban aika wa kowa ba, don kar a shirya mini abin da zan gani. Na shiga gidan da rana tsaka. Yaron yana tsakar gida tsirara, ya dafa turmi, ya sake shi ya nufo ni yana tangaɗi. Ƙwaurin dama ya fi na hagu siranta, wannan na gani tun daga zaure. Ban amsa gaisuwar kowa ba. Na ɗauke shi na kifa a cinyata yana ihu, na ɗaga ƙafar na duba. Gefenta fes. Ƙasar tsakar gida duk tana tafin, har dunduniya ta yi baƙi.